Galo a kafaɗa, nauyi a wuya: bambancin hafsa da ƙaramin soja

   

Wata ranar kasuwa a Buza, wata dattijuwa da ta san na yi aikin soja ta tare ni kusa da masu albasa. Ta ce: "Ɗana, yaron nan nawa shekararsa takwas cikin kaki, har yanzu ba a ba shi kapitan ba. Ga ɗan maƙwabciyarmu, shekaranjiya ya gama karatu, an ce har yaron nawa sara masa yake yi. Wane irin rashin gaskiya ne wannan?" Na yi mata bayanin da tsayuwar kasuwa za ta iya ɗauka, amma tambayar ta bi ni har gida. Ita ce ta kawo ni gabanku yau. Na shiga soja ina kurtu, na fito ina ajudan, don haka na zauna a tsakiya: na karɓi umurni daga sama, na miƙa shi ƙasa, shekara da shekaru. Daga wannan mazauni zan yi muku magana.

Lokacin wannan magana ya yi, don kaki ya shigo gidajenmu fiye da da. A ƙarshen 2020 gwamnati ta bayyana niyyar ninka yawan sojojin ƙasa, daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Da can, wanda aka ɗauka soja sai ya nufi Tondibiya a gefen Yamai, yanzu kuwa ga wurin horas da kurata nan Keita, a ƙofar gidanmu. Saurayin Adar wanda a da ba ya da tunanin da ya wuce ci-rani a Abijan ko Libiya, yau yana lissafin kaki. Wanda zai shiga gida kuwa, ya kamata ya san ƙofofinsa da ɗakunansa.

Gidan soja hawa uku ne, bisa tsarin da rundunar ƙasarmu ta gada daga Faransa tun kafuwarta a 1961. Hawan ƙasa shi ne na ƙananan sojoji: soja mai aji na biyu, mai aji na ɗaya, kaporal da kaporal-shef. Hawan tsakiya na su sarjan ne: sarjan, sarjan-shef, ajudan da ajudan-shef, waɗanda Faransanci ke kira suzofisiye. Hawan sama shi ne na hafsoshi. Su-liyetna yana da galo ɗaya, liyetna biyu, kapitan uku, kwamandan huɗu, liyetna-kolonel da kolonel biyar biyar, sai dai na liyetna-kolonel launi biyu ne. Daga nan sai kolonel-majo, sannan janar-janar masu taurari. Ku mutanen Bangi da ke shiga Sabon Birni da Isa, za ku ji 'yan'uwanmu na Najeriya suna cewa kofur, saje, laftana, kyaftin, manjo da kanar. Sunaye ne suka bambanta don su Ingilishi ya rene su, amma hawan ukun yana nan a can ma.

Kuskuren dattijuwar nan, wanda da yawanmu ke yi, shi ne ɗaukar gidan kamar tsani guda ne, wanda in ka daɗe kana hawa dole ka kai ƙololuwa. Kowane hawa da ƙofarsa. Ƙaramin soja ta hanyar ɗaukar kurata yake shiga, a duba lafiyarsa da takardunsa, a horas da shi watanni, ya koyi bindiga da fareti da biyayya. Sarjan yana da makarantarsa a Agadas, wadda ake kira ENSOA. Hafsa kuwa sai ya ci jarrabawa ya shiga makarantar hafsoshi ta Tondibiya, wadda muka sani da suna EFOFAN, ko ƙasa ta tura shi irinta a waje, kuma ana neman takardar bak ko ta jami'a gwargwadon ƙofar da zai bi. Likitoci da injiniyoyi su ma suna da tasu ƙofar. Akwai kuma makarantar Pritane a Yamai, wadda ke ɗaukar yara ƙanana ta hanyar jarrabawa, su yi karatun boko cikin tarbiyyar bariki. Idan hafsa ya gama, shugaban ƙasa ne ke sa hannu a kan dokar naɗa shi. Wannan sa hannun shi ne asalin bambancin: ƙasa ce ta ɗauki wani yanki na ikonta ta damƙa masa, ta ce ka yi umurni da sunana, kuma abin da ya biyo baya kai zan tambaya.

Ga yadda abin yake a fagen aiki. Sarjan yana riƙe da mutum kamar goma, ya san sunan kowa, ya san wanda takalminsa ya yage da wanda matarsa ta kusa haihuwa. Liyetna yana jan mutum talatin zuwa arba'in. Kapitan yana da kamfani na mutum ɗari da wani abu. Kwamandan ko liyetna-kolonel yana da bataliya mai ɗaruruwa. Aikin hafsa shi ne ya karanta taswira, ya auna mai da ruwa da harsashi, ya yanke ta ina za a bi, ƙarfe nawa za a tashi, wa zai tsaya gadi, in abu ya ɓaci ta ina za a janye. Aikin sarjan ya mai da wannan shawara abin da ƙafa za ta iya takawa. Aikin ƙaramin soja ya taka.

Mutanen Keita ba sa bukatar dogon bayani a nan. Sa'ad da aka fara babban aikin raya ƙasar Keita a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, akwai injiniyoyi masu awo da zane, akwai shugabannin aiki da ke tsaye a kan mutane, akwai kuma dubban masu ɗaukar dutse, yawancinsu iyayenmu mata, tun da mazan suna ci-rani. Da injiniya ya yi kuskuren awo, da ruwan damina ya share wahalar wata shida cikin dare ɗaya. Da matan nan ba su ɗauki dutse a ka ba, da zanen yana nan cikin takarda har gobe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma in ganuwar dutse ta karye, ba tsohuwar da ta ɗauko dutsen ake kira ofis ba, mai awon ake kira.

Kada kuma ku ɗauka Nasara ne ya kawo mana wannan rabon aiki. Sarakunan Gobir da Katsina da Adar suna da Ubandawaki da Ƙaura da Sarkin Yaƙi da Barde, masu tsara yaƙi da jan runduna, a bayansu kuma ga 'yan lifidi da 'yan baka da dakaru masu tafiya a ƙasa. Buzayen Kel Geres na wajen Galma da Arzarori suna da tamburansu da manyansu. Sai dai a wancan zamani, yawanci haihuwa ko kusanci da fada ke ba mutum doki, talaka kuwa ya ɗauki kwari da baka. Turai ma haka ta yi zamani mai tsawo: a Ingila har 1871 da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa a rundunar ƙasa. Abin da zamani ya sauya shi ne mabuɗin ƙofa. Da jini ne ko dukiya, yanzu a ƙa'ida takarda ce da jarrabawa.

A zamanin mulkin mallaka kuwa, mabuɗin launin fata ne. Kakanninmu da sarakunan kanto suka tara aka kai yaƙin 1914 da na 1939, kusan dukkansu a hawan ƙasa suka tsaya, wanda ya yi sa'a ya kai sarjan ko ajudan. Baƙin da ya zama hafsa, da yatsu ake ƙirga shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne kapitan Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon. A watan Yuni na 1940 Jamusawa suka kama shi a garin Airaines na Faransa, suka ware hafsoshi farare gefe guda, suka ce shi ya koma cikin baƙaƙen sojoji. Ya ƙi, ya ce shi hafsa ne, nan take suka harbe shi. A ranar 1 ga Disamba 1944 kuma, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus suka nemi haƙƙin kuɗinsu, hafsoshin Faransa suka sa aka buɗe musu wuta. Wannan shi ne gadon da muka karɓa: rata mai faɗi tsakanin mai umurni da mai bi. Aikin rundunar ƙasa mai 'yanci shi ne ta riƙe tsarin, ta zubar da rainin.

Yanzu bari in zo kan biyayya, don ita ce gishirin aikin. Bahaushe ya ce bin na gaba bin Allah, kuma a bariki ba a musu da umurni. Dalilin a fili yake: in harsashi na tashi, mutum talatin ba za su zauna shawara a gindin bedi ba. Amma malamai sun karantar da mu cewa biyayya ga ɗan Adam tana da iyaka, dokar soja ma haka ta ce. Misalin ba shi da nisa da mu. A 1899 wasu kapitan biyu na Faransa, Voulet da Chanoine, suka ratso ƙasar nan da runduna. Suka yaƙi Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, suka ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, suka nufi gabas suna barin gawa a rijiyoyi da rassan itace. Da labari ya kai Faransa aka turo liyetna-kolonel Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya umurci sojojinsa su harbi na gaba da shi, suka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin nan baƙaƙe, da sarjan-sarjan ɗinsu a gaba, suka juya baya, suka kashe Chanoine, washegari aka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, a hanyar Tasawa. Hafsan da ya koya wa yaransa cewa doka ba komai ba ce, ya koya musu darasin da wata rana a kansa za su bita. Su kuma sojojin da suka bi umurnin ƙone garuruwa wata da watanni, jinin mutanen Ƙonni bai sauka daga hannunsu ba don kawai an ce musu ku yi.

Dokokin yaƙi na duniya sun tsaya a kan wannan. Tun shari'ar Nuremberg bayan yaƙin duniya na biyu, cewa "umurni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya kashe farar hula ko fursuna. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 kuma ya ɗora wa kwamanda alhakin laifin yaransa, in ya sani ko yana da labarin da zai sa ya sani, bai hana ba, bai hukunta ba. Ko a zaman fursuna akwai bambanci: yarjejeniyar 1949 ta ce ana iya sa ƙaramin soja aiki, sarjan sai dai ya duba masu aiki, hafsa kuwa ba a tilasta masa. Kun ga gata, kun kuma ga abin da aka biya gatan da shi.

Gatan hafsa kowa na ganinsa: albashi mafi tsoka, gida, wurin cin abinci dabam, a sara masa a ce "mon kapiten". Abin da ba a gani shi ne daren da yake kwana da lissafin rayukan 'ya'yan mutane. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojojinmu 71 suka kwanta dama, kuma kwamandan barikin yana cikinsu. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, aka rasa 89 a Shinagodar, kuma cikin 'yan kwanaki aka sauke babban hafsan hafsoshin ƙasa. Ba shi ne ke gadi a ranar ba, amma babba juji ne. A jiharmu ta Tawa ma mun ɗanɗana: a Tazalit, cikin Oktoba 2016, jami'an tsaro 22 aka kashe. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Harsashi ba ya ƙirga galo kafin ya shiga.

Idan hafsa ya manta da wannan nauyi ya riƙe gatan kaɗai, bariki kan ɗauki zafi, ruwa kuwa ba ya tsami banza. A ƙarshen Fabrairu 1992, ƙananan sojoji a Yamai suka kama gidan rediyo, suka tsare André Salifou, shugaban majalisar riƙon ƙwarya, da ministan cikin gida, kuma albashin da ba a biya ba yana kan gaba cikin kokensu. A ƙarshen Yuli 2002 aka sake ganin irin haka a Diffa, kan kuɗi da halin zaman bariki. Ban zo in wanke bore ba. Sojan da ya juya bindigar ƙasa kan hukumar ƙasa ya ci amana, komai yunwarsa. Amma duk tsohon ajudan ya san bore ba ya faɗowa daga sama. Yakan fara ne daga tukunyar da aka rage wa nama, da kuɗin fagen daga da ya maƙale a hanya, da hutun da aka hana wanda ya binne uwarsa ta waya. Sarjan nagari yana jin wannan gunaguni tun yana raɗa, hafsa nagari kuma yana sauraron sarjan ɗinsa.

Zan ba ku abin da na gani da idona. An taɓa turo mana wani su-liyetna sabon fitowa, sa'an ƙanena na uku. Ranar farko na sara masa, tsofaffin sojoji suna ta murmushi a gefe. Muka fita sintiri a arewa, ya shimfiɗa taswira ya nuna hanya. Na matsa kusa, yadda yara ba za su ji ba, na ce: "Mon liyetna, wannan kwarin a takarda hanya ce, amma a wannan wata yashi ne mai cin mota." Ya dube ni, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ajudan, nuna mini wadda ka sani." Muka bi tawa, amma da bakinsa ya ba da umurnin, don in ta ɓaci sunansa ne a takarda. Kwana na uku ruwa ya yi mana ƙaranci. Yaron nan ya tsaya a gefen tanki har kowane soja ya cika gorarsa, shi ne na ƙarshe. Daga ranar, da ya ce su shiga wuta, da sun shiga. Na kuma yi aiki da wani mai galo fiye da nasa, wanda bai san sunan direbansa ba. Ana sara masa, amma galon ake sara wa.

To, ina amsar dattijuwar Buza? Amsar ita ce ƙofa tsakanin hawa da hawa ba a kulle take ba, sai dai ba daɗewa ke buɗe ta ba. Ƙaramin soja yana yin kwas ya zama kaporal, ya yi wani ya zama sarjan, kuma sarjan mai takarda da ƙuruciya yana iya zama jarrabawar shiga makarantar hafsoshi. Tarihinmu ya shaida. Seyni Kountché ya yi yaƙin Indoshin da na Aljeriya cikin rundunar Faransa, ya riƙe sarjan, sannan ya je makarantar hafsoshi ta Fréjus, har ya zama babban hafsan hafsoshin Nijar kafin juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Salou Djibo, wanda ya riƙe ƙasa daga Fabrairu 2010 zuwa Afrilu 2011, a 1987 ya shiga yana ƙaramin soja, daga baya ya yi makarantar hafsoshi a Bouaké ta ƙasar Kodibuwa. Ban kawo sunayensu don in ce ƙarshen aikin soja fadar shugaban ƙasa ce ba. Na kawo su ne don ku ga duk su biyun sai da suka koma aji suka riƙe alƙalami kafin galo ya hau kafaɗarsu.

A nan ne matsalarmu take, mu mutanen Adar da Gobir Tudu. Yaro ya kai aji biyar ko shida, sai a cire shi ya tafi ban ruwan albasa a Tarka, ko ya bi yayyensa Abijan. In ya kai shekara ashirin ya so kaki, ƙofar ƙasa kaɗai ta rage masa, wani ma ko takardar haihuwa ba ya da ita. Shekara goma bayan haka, sai mu zauna a majalisa muna ƙorafin cewa 'ya'yan wasu ne ke umurni, namu ke bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kolonel ɗin da za a yi alfahari da shi a Keita nan da shekara talatin, yau yana aji uku a wata lakwal ta zana, kuma uban da ke tunanin cire shi yana iya kasancewa cikin wannan taro.

Saboda haka ina da kira guda huɗu. Iyaye, ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa tun suna goye, ku bar su a lakwal, maza da mata, don rundunar ƙasa tana ɗaukar mata, har da masu tuƙa jirgin sama. Kada ku sayar da gona ko bijimi ku ba wani ɗan kamasho da ya ce zai sa sunan ɗanku, wanda ya shiga ta taga ba ya iya ɗaga kai a cikin ɗaki.

'Ya'yana masu niyyar shiga, in ƙofar ƙasa ce ta buɗe muku, ku shiga da ƙarfin zuciya, babu abin kunya a cikinta. Ni ta nan na shiga, kuma da ita na ciyar da iyalina na aurar da 'ya'yana. Amma ku shiga da littafi a cikin jaka, duk kwas ɗin da aka buɗe ku nema.

Ku da Allah zai ba galo, ku riƙa tuna cewa kowane soja da ke bayanku akwai wata tsohuwa a Buza ko Tamaske ko Arzarori da ke ƙirga kwanakinsa. Ku ci bayan sun ci, ku san sunayensu, ku saurari tsofaffin sarjan, kuma kada ku ba da umurnin da ba za ku iya maimaita shi gaban alƙali da gaban Ubangiji ba.

Mu kuma jama'ar gari, in ɗan unguwa ya dawo hutu da kaki babu komai a kafaɗa, mu tashi mu gaishe shi kamar yadda za mu gaida mai taurari, don shi ne ke tsaye cikin sanyin dare a Tiliya da Tasara lokacin da muke barci. Allah ya tsare sojojinmu manya da ƙanana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.